Mako Shida da Ƙasusuwan Bakin Nilu

Tun da na dawo daga Sudan ba a bar ni na sha shayi cikin natsuwa ba. Da na zauna a majalisarmu ta bayan La'asar sai wani ya ce, "Malam Lawal, wai da gaske kogi biyu ne suke haɗuwa, kowanne da launinsa?" Wani kuma abinci yake son ji. Na faɗa har bakina ya gaji, amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba ya fitowa, domin kafin in kai wurin an kira Magariba. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, aikina zane ne a wani ɗan gidan tarihi a Katsina. Idan masu tono suka haƙo tsingaro ko ƙashi ko guntun ƙarfe, ni nake aunawa in zana a takarda. Wani lokaci a ce in zana mutanen da suka yi amfani da kayan, don baƙo ya gani ya fahimta. A wannan aikin na yi furfura, gwiwata ta hagu ma ta riga ni yin ritaya.

Wani malamin Sudan, Dokta Siddik, ya taɓa kawo mana ziyara ya ga aikina. Daga baya ya aiko cewa cibiyarsu a Khartoum za ta baje kayan mutanen da suka zauna a bakin Nilu tun kafin a san ƙarfe ko rubutu, yana so in je in yi musu babban zane na bango. Mako shida. Matata ta ce in je. Yayata kuwa ta ce idan na je ban nemo Gwaggo Mairam ba, kada in dawo mata gida. Gwaggo Mairam 'yar ƙanin kakanmu ce, wanda ya tafi Hajji a ƙasa, ya maƙale a Sudan bai dawo ba. Ba mu taɓa ganinta ba. Lambar ɗanta Adam kawai muke da ita, wadda wani ɗalibi ya kawo mana.

Hanyar ba ta da abin faɗa sai gajiya. Motar da na shiga zuwa Kano taya ta fashe mata kafin Bichi, muka tsaya a rana direba yana neman aron jak. Jirgi kuma ba kai tsaye yake zuwa ba, sai da aka sauke mu a Habasha, na yini a kan kujerar ƙarfe ina tausa gwiwa. Kusa da ni wani ɗan kasuwar Agadas ne da ya ba ni dabino da labarin ciwon bayansa, tun daga farkonsa.

A filin jirgin Khartoum fasfona bai ba da wahala ba. Wahalar tana wurin masu duba kaya. Ina da wani kwali mai kamar bututu da nake naɗe takarduna a ciki. Jami'in ya zaro ya warware, ya ci karo da zanen da na yi tun a gida daga hoton da Dokta ya aiko: wata 'yar siffar mace ta yumɓu, tsawonta bai fi babban yatsa ba, mai faɗin ƙugu, ba fuska, ba tufafi. Ni kuwa na zana ta ta cika takarda.

Ya dubi zanen, ya dubi hulata da furfurata, ya ce, "Da shinu?" Wato mene ne wannan.

Na tattaro guntun Larabcin makarantar allo na ce kayan mutanen dā ne. Ya kira abokin aikinsa. Wancan ya ce gunki ne, wannan ya ce hoton banza ne, suka yi ta gardama a kaina kamar ba na wurin. Sai da Dokta ya yi magana da su ta waya suka sake ni. Da zai miƙo mini takardar ya naɗe ta hoton yana ciki, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Haji, a shekarunka."

An sauke ni a wani ɗaki a bene na biyu, ba nisa da Suk al-Shabi, babbar kasuwa mai tashar mota. Tun asuba yaran mota suke kiran sunayen garuruwa, fanka kuma tana aiki ne in ta ga dama. Zafin garin ba irin namu ba ne, busasshe ne, yana shiga ƙashi. Karin kumallonsu ba da sassafe ba ne, sai wajen hantsi: a dafa wake mai faɗi su ce masa ful, a dama shi da gindin kwalba, a zuba man riɗi, a taru mutum shida a kwano ɗaya ana dangwala da burodi. Kwana uku cikina yana ƙorafi, daga baya ya haƙura. Shayi kuwa mata ne suke sayarwa a gindin bishiya, kowacce da kwalaben kayan ƙamshi a jere, manyan mutane da manyan riguna suna zaune a gabanta kan 'yan kujeru. A garinmu mai shayi namiji ne. Na yi kwanaki ina ganin abin banbaraƙwai. Gaisuwarsu ma sai an koya: a dafa kafaɗarka kafin a ba ka hannu. Ranar farko na ɗauka mutumin ture ni zai yi, na ja da baya, aka yi mini dariya.

Ranar da na fara aiki Dokta ya kai ni ɗakin ajiya. Dogon mutum ne, mai ladabi, wanda ya gaji da neman kuɗin bincike. Ya buɗe wani faffaɗan akwati. Ƙasusuwan mutum ne a kwance a gefe ɗaya, gwiwa a naɗe zuwa ƙirji, kamar mai jin sanyi. An haƙo su a arewa da Umdurman, garin da ke tsallaken kogi daga Khartoum. Tare da su akwai kan mashin kifi na ƙashi mai ƙayoyi, da wani dutse mai huda a tsakiya, da tsakiyar wuya ta ɓawon ƙwan jimina, da tsingaro mai zanen igiyar ruwa. 'Yar siffar nan da ta ja mini magana a filin jirgi a kusa da kabarin aka same ta.

"Ustaz Lawal, ga sarkinmu," in ji Dokta. "Dutsen nan kan kulki ne, alamar mulki. Ina son shi a tsakiya, a zaune. Maza suna dawowa daga kogi, mata suna niƙa da ginin tukwane."

Ban ga abin tambaya ba. Irin wannan zanen na yi shi ya fi a ƙirga. Na kafa allo, na yi mako uku ina hawa tsani ina sauka da gwiwa ɗaya.

Mai kula da ƙasusuwan wata matashiya ce, Nafisa, wadda take kirana Ammu, wato baffa. Kullum takan tsaya a bayana da kofin shayi tana kallon aikin. Ranar da na gama fuskar sarkin ta ce, "Ammu, wane ne wannan? Ka san shi?"

Na ja da baya na duba. Wallahi hakimin garinmu ne da ya rasu ina yaro. Hancinsa, yadda yake ɗaga haɓa, har yadda yake ɗora hannu a cinya. Ban yi niyya ba. Rawani kawai ya rasa.

Ta kai ni wurin akwatin ta nuna mini ƙashin ƙugu. Ta ce faɗinsa ya fi kama da na mace, sai dai gefen da zai raba gardama ya ruɓe. Ta faɗa wa Dokta tun bara, ya ce mace me za ta yi da mashi da kulki.

"Kandaka ce," in ji ta, idonta yana ƙyalli. Haka suke kiran sarauniyoyinsu na dā, kuma haka 'yan matan yanzu suke kiran duk macen da ta tsaya ta ƙi tsoro. "Ita ta mulki wurin. Siffar yumɓun nan kuma abar bautarsu ce. Mata ne suke riƙe da garin kafin a ƙwace."

Na ce, "Ƙashin ne ya gaya miki haka?"

Ta ce, "Shi kuma Dokta ƙashin ne ya gaya masa sarki ne?"

Ban yi barcin kirki ba a makon nan, ga zafi ga wannan magana. Da Juma'a ta zo na kira Adam na ce ina tafe. Na ɗauki ƙananan zanen gwaji a jaka, don ban saba fita ba takarda ba.

Na shiga ƙaramar bas muka haye gada zuwa Umdurman. Masu tambayar launin kogi, na gani daga taga, ɗaya ya fi ɗaya duhu, shi ke nan, wani mai buhun albasa ya tare mini sauran. A mota can ba a cewa a tsaya, yatsa ake ƙyastawa. Ban sani ba, na yi ta cewa "Direba, a nan!" da Hausa har muka wuce inda Adam yake jira. Sai da na dawo da ƙafa.

Adam magidanci ne mai 'ya'ya biyar, yana tuƙa raksha, irin Keke Napep ɗinmu. Ya rungume ni yana cewa "Yaya, Yaya," Hausarsa rabi Larabci. Daga nan zuwa unguwarsu, Dar Salam, tafiya ce mai tsawo, kwalta ta ƙare, gidajen bulon laka suka fara, jakuna suna jan tankunan ruwa. Rakshar ta mutu sau biyu. A karo na biyu ni da gwiwata muka tura.

Gwaggo Mairam tana zaune a kan gadon igiya a inuwar rumfa, 'yar ƙaramar tsohuwa, baƙa, hannayenta kamar saiwa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta kama fuskata da hannu biyu tana juyawa, ta ce, "Kunnen gidanmu ne." Sai ta fashe da kuka. Ta tambayi mutanen da suka mutu tun kafin a haife ni, ta tambayi wata rijiya da babanta yake ba ta labari, wadda yanzu shagon caji ne a wurin. Na ce mata rijiyar tana nan. Allah ya yafe mini.

Aka kawo asida, tuwo ne mai laushi, da miyar busasshiyar kuɓewa. A nan na fara cin abin da cikina ya gane. Ta ba ni labarin cewa a wani ƙauyen Hausawa masunta ta girma, a bakin kogi can kudu. Mijinta ya rasu Adam yana goye. Da ambaliya ta cinye gidansu suka taho nan.

Da ta tambayi abin da ya kawo ni, na zaro takardun. Ta matso da su dab da ido. Ta daɗe a kan masu dawowa daga kogi, sai ta kama dariya har da tari.

"Ɗana, ka taɓa kama kifi?"

"A'a, Gwaggo."

"Ai ga shi nan. Wannan ya riƙe mashi kamar zai je yaƙi. Kifi ba a jifansa daga tudu. Shiga ake yi, ruwa iya ƙugu, ka tsaya kamar itace har ƙafarka ta mutu. In ruwa ya janye ya bar tafkuna, tarwaɗa takan maƙale a laka. Mazan suna can tsakiyar kogi da jirgi. Wa kake tsammani yake soke ta? Ni da uwata. Na soki tarwaɗa da cikin Adam wata bakwai."

Na nuna mata dutsen mai huda, na ce malamai sun ce kan kulkin sarki ne. Ta juya takardar sama da ƙasa. Ta ce su irinsa suke ɗaurawa a gindin tarun kamun kifi don ya nutse, wasu kuma suna zura shi a sandar tonon saiwa don ta yi nauyi. "Amma in ka ga dama ka fasa kan mutum da shi, zai fasu," in ji ta.

Na yi jinkiri kafin in nuna mata siffar yumɓun, saboda Adam yana wurin. Ko a jikinta. Ta ce, "'Yar tsana! Mun yi irinta da laka, mu gasa a murhu in uwarmu ta juya baya. Ƙugun ake yi babba don ta zauna kar ta faɗi."

Na ji wani daɗi ya kama ni, na ce a raina ga gaskiya ta fito daga bakin wadda ta sani. Sai Gwaggo ta koma kan zanen ƙasusuwan, ta sa yatsa a kan gwiwar da ke naɗe, muryarta ta canza.

"Baiwar Allah. Mijinta ya mutu ya bar ta da yara ƙanana. Dangin miji ba su taimaka ba. Ita ce ruwa, ita ce niƙa. Ka ga yadda ta kwanta? Gajiya ce. Da ta mutu yaran suka sa mata mashinta, don ba ta da wani abu."

Adam ya sunkuyar da kai. Ni ma na gane labarin wa nake ji. Daɗin da na ji ya sauka. Dokta ya duba akwatin ya ga mai mulki, Nafisa ta ga jarumarta, ni na ga hakiminmu, Gwaggo kuma ta ga kanta. Ta fi mu sanin kifi, wannan ba shakka. Amma tsakaninta da mai ƙasusuwan akwai shekaru dubbai, kamar yadda suke tsakaninsu da mu.

Da zan tafi ta riƙe takardar gwajin babban zanen ta ce, "Garin nan naka ba tsoho? Ba mai ciwon ido? Kowa ƙato, kowa yana aiki, ba mai zaune yana hira. Ni dai ban taɓa ganin gari haka ba."

Ranar Lahadi, wadda ita ce farkon makon aikinsu, na sami Dokta a ofis na faɗa masa duka. Ya saurara yana murza goshi. Bai musa maganar taru ba, ya ce ya san ana wannan gardamar a littattafai.

"To me ya sa muka ce sarki?"

"Ustaz, saura kwana goma sha biyu. Manyan da za su zo buɗewa minti biyar za su tsaya. In na ce musu ga mutumin da ba mu san ko mace ne ko namiji ba, da dutsen da ba mu san amfaninsa ba, za su tambaye ni me muka yi shekara shida muna tonowa. In na ce ga sarki, za su gyaɗa kai, mu samu mu koma tono baɗi. Ina da ma'aikatan da zan biya."

Ban ga mugunta a maganarsa ba. Gajiya na gani, irin tawa. Nafisa kuma da ta ji labarin ta tare ni a baranda ta ce tunda tsohuwa ta tabbatar, in zana mace a tsaye da mashi a sama. Na ce tsohuwa ba ta tabbatar da komai ba, ta dai nuna mana ba mu iya kamun kifi ba. Ta yi fushi, kwana biyu ba ta kawo shayinta bayana ba.

Na zauna a gaban allon yini guda ban taɓa buroshi ba. Ko a zuci na rasa yadda zan kira mai ƙasusuwan, don Hausarmu ba ta barin mutum a tsakiya, dole ka ce ya ko ka ce ta. Na tuna zane-zanen da na yi a gida shekara da shekaru, yara 'yan makaranta suna kwafa a littafi suna ɗauka haka aka yi. Da yawansu hannuna ne kawai da abin da na taso na gani.

Washegari na shafe hakimi da farin fenti. A wurinsa na ja kogin ya shigo tsakiyar allo, na tsayar da mutum ɗaya a ciki, ruwa iya ƙugu, ya ba mu baya, kai ya ɗan juya gefe, mashi a ƙasa-ƙasa yadda Gwaggo ta nuna. Kafaɗa ba faɗi ba ƙanƙanta. Dutse mai huda na zana shi sau uku: a gindin taru, a sandar tono, da a hannun wani da yake kallonsa kawai. Na sa tsohuwa mai ido ɗaya, na sa mutum biyu suna gardama, na sa namiji yana gina tukunya da mace tana gina tata. Siffar yumɓun na ajiye ta a ƙasa kusa da murhu, ba mai bauta mata, ba mai wasa da ita. Kwana tara na yi ina wannan, gwiwata ta kumbura har Adam ya kawo mini wani man shafawa daga Gwaggo mai warin kifi.

Dokta ya zo ya tsaya ya daɗe. Ya ce, "Aikin yana da kyau. Amma ka gudu ne, Ustaz." Nafisa ta ce kusan haka, da kalmomi masu zafi. A mako shida wannan ne karo na farko da na ji bakinsu ya zo ɗaya.

Ban tsaya buɗewa ba, bizata ta ƙare kwana biyu kafin ranar. Na koma Dar Salam na yi sallama. Gwaggo ta ba ni busasshen kifi in kai wa yayata, ta ce in gaishe da rijiya. Kifin ya sa duk kayana wari har Kano, matata ta wanke rigunan sau uku.

Bayan sati uku da dawowata ina zaune a ofis saƙo ya shigo wayata daga Nafisa. Hoton zanen ne a bango, an sa masa fitila. Na buɗe shi da yatsa biyu. A gefen fuskar mai tsayuwa a ruwa, inda na bar kunci kawai, an ƙara gemu. Gajere, baƙi, an yi shi da kyau ƙwarai. Ko wane ne ya yi, hannunsa ya iya aiki, har launin inuwata ya kwaikwaya. A ƙasa an rubuta cewa shugaban masunta ne. Sunana yana kusurwa inda na sa shi.

Ta rubuto: "Ammu, makullin zauren yana hannuna. In ka yarda, zan sa a goge gemun a yi mata kitso."

Na ajiye wayar na je na yi alwala, na dawo na zauna. Na rubuta amsa na goge ya kai sau huɗu. Daga ƙarshe na ce mata, "'Yata, in za ki goge, ki goge ki tsaya nan. Ban san ko wane ne ba. Ke ma ba ki sani ba."

Ta karanta, alamar ta nuna. Har yau da nake wannan rubutu ba ta ba ni amsa ba, ni kuma ban tambaya ba.